Kiyashi a Kaskon Surukina

Shekara shida na yi a gidan surukina kafin ya kwanta ciwo, kuma a shekarun nan ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa wucewa ta gabansa da takalmi a ƙafa ba. In na kai masa tuwo, daga nesa nake durƙusawa in tura akushin. Shi ma ba ya kama sunana. Amarya ya kira ni ranar da aka kawo ni, amarya yake kirana har na yaye ɗiyata ta fari. Ni kuwa Baba nake ce masa. Haka ake yi a ƙauyenmu na ƙasar Gangara. Ina da baki, kowa ya sani, ko a bakin rijiya ba a taka ni in yi shiru, amma a gaban tsohon nan bakina mutuwa yake yi.

Gara in faɗa tun yanzu, ina son sa kamar uban da ya haife ni. Matarsa ta rasu kafin a kawo ni, bai sake aure ba, don haka tukunyata yake ci. Manomi ne, amma ya fi ƙarfi a sayar da hatsi ga Abzinawa masu saukowa da gishiri da dabino. A ƙauyen kaf shi kaɗai ne mai tumbi, har tsaransa na tsokanar sa wai ya haɗiye ƙwarya. Yana son zaƙi kamar yaro. Ranar kasuwa in ya dawo, sai in tarar da dabino a ƙulle cikin ƙyalle a kan turmina, ba ya cewa shi ya ajiye, ni ma ba na cewa na gani.

Tari ya fara masa da kaka, shekara huɗu ko biyar bayan samun mulkin kai. Muka ce ƙaiƙayin sussuka ne. Aka jiƙa masa sassaƙe, aka karɓo rubutu wajen liman, tari sai gaba yake yi. Tumbin ya zube, riga ta yi masa yawa, da yamma zazzaɓi, da safe shimfiɗa sharkaf da gumi. Ranar da ya tofar da jini a kan farar rigarsa ta Juma'a, maigidana, wanda shi ne ɗansa na fari, ya aro raƙumi suka nufi Tanut.

A Tanut akwai gidan likita, ɗaki biyu da baranda, da babban ma'aikacin jinya wanda kowa ke kira majo. Wani siriri ne mai tabarau, mutumin Damagaram, ga faɗa, amma ba ya ƙyamar mara lafiya. Ya karɓi kakin Baba ya aika Damagaram, bayan kwanaki amsa ta dawo: tarin fuka ne. Ya ce akwai magani, kuma ana warkewa. Allura kullum har wata uku, ƙwayoyi kuwa shekara da rabi, ba fashi ko na rana ɗaya. Ke nan dole Baba ya zauna Tanut. Yana da ƙanwa a garin, wadda muke kira Gwaggo, mijinta ya rasu, idonta ya yi rauni, ita kanta sai an dafa mata. Wa zai yi jinya in ba ni ba? Na kai ɗiyata wajen mahaifiyata, na ɗaure tukwane da taɓarya, na bi su.

Ranar farko majo ya tsayar da mu a baranda, ni da maigidana, ya yi mana karatu. Ƙwaryar Baba daban, ludayinsa daban. Kaki a gwangwani mai toka, a binne shi nesa. Yara kada su shiga ɗakinsa. Sai ya juyo wajena.

"Ke ce mai girki?"

Na ce ni ce.

"To ki ciyar da shi. Maganin nan ba ya aiki a jikin da babu tsoka. Duk abin da ransa ke so ki ba shi, ina so in ga ya yi ƙiba. Kuma in kun ga wani abin da ba ku saba gani ba, ko a kaki, ko a fitsari, ko a bayan gida, ku zo ku hwaɗa mini."

Da na ji ƙarshen maganar sai na ja mayafi na rufe fuska. A raina na ce mutanen birni ba su da ta ido, wai a gaban ɗan mutum da surukarsa ake irin wannan zance.

Ciyarwa kuwa na ciyar. In akwai abin da na iya a duniya, dama fura ne. Nakan daka ta da dabino, in zuba nono mai kauri na Fulanin bayan gari, in fasa dunƙulen sukari, irin dogon nan da ke zuwa cikin shuɗiyar takarda, in jefa ba awo. Da safe kunu da zuma. A ƙasarmu ta Damargu kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana, ga shi Baba mutum ne mai jama'a. Duk wanda ya zo daga Gangara, ko abokan cinikinsa na wajen Balbeji, da ƙullin dabino ko dunƙulen sukari yake zuwa. Abin ya taru a ɗakin Gwaggo har na samo tulu na musamman. Ban bar ko ɗaya ya lalace ba, duka cikin Baba na zuba su.

Kowace safiya nakan raka shi gidan likita, in zauna a baranda har a gama yi masa allura. A can ya yi aboki, wani Ba'abzine makiyayin raƙuma daga arewacin Balbeji, wanda aka fara wa allura mako ɗaya da shi. Mutumin nan da ya zo, ƙashi da fata ne, sai an riƙe shi yake sauka daga raƙumi. Na dube shi na dubi Baba, na ce a raina namu ne zai riga tashi. Bayan allura sukan zauna gindin bishiyar aduwa, Ba'abzinen ya hura gawayi ya dafa shayi, kofi uku-uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Suna tari suna dariya, kowa na cewa ɗan'uwansa ne zai fara mutuwa.

Duk ƙarshen wata majo yakan ɗora su a ma'auni. Wata na farko Ba'abzine ya ƙaru, Baba yana nan yadda yake. Wata na biyu Ba'abzine ya ƙaru, Baba ya ragu. Da wata uku suka cika, aka gama allura, Ba'abzinen ya hau raƙuminsa da kansa, ya karɓi ƙwayoyinsa a gwangwani, ya zo har ƙofar gidan Gwaggo yin sallama. Ya bar wa Baba butar shayinsa. Baba ya yi masa addu'a da fara'a, amma da ya koma ɗaki bai ci tuwon ranar ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, haushin mutumin nan na ji. Me ya ci wanda ban ba Baba ninkinsa ba?

Majo ya ce za a ci gaba da yi wa Baba allura. Bazara ta shigo. Ƙarfinsa ya ragu har zuwa makewayi ya fara yi masa wuya. Ba wanda ya ce da ni komai, na samo kasko na ajiye a bakin ƙofarsa da tsohon faifai a kai, shi ma bai ce komai ba, ya jawo shi ciki. Da safe in ya fito shan hantsi sai in shiga in ɗauke, in zubar a bayan gida, in wanke in mayar. Shi yana kallon gabas, ni ina bi ta yamma, kamar ba mu san da wani kasko a duniya ba.

Wata safiya na ɗauko shi, sai na hango akuyar Gwaggo ta tura kai cikin hatsin da na shanya. Na dire kaskon a gindin katanga na bi ta da gudu. Kafin in kore ta, in tattara hatsin, in dawo, kiyashi sun yi layi daga ramin katanga har bakin kaskon, wasu sun faɗa ciki. Irin kiyashin da nake yaƙi da su kullum a tulun sukari. Na tsaya ina kallo.

Washegari da gangan na ajiye shi, a wani wurin daban. Suka zo. Ni ba mai barin abu a duhu ba ce, don haka rana ta uku na yi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta shi. Na samo wani fasasshen kasko na yi nawa a ciki, na ajiye su kusa da juna, na koma gefe. Kiyashi suka kewaye nawa, ko sunsunawa ba su yi ba, suka tafi na Baba. Ranar na san wannan ne irin abin da majo ya ce a zo a faɗa masa. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban gane ba. Ban san sunan ciwon ba, ban san yana da haɗi da tarin ba, amma na san abin faɗa ne.

To da wane baki? Matan yanzu in na ba su labarin nan sai su ce, "Haba Inna, magana ɗaya fa!" Magana ɗaya ce, amma ku ba a yi muku tarbiyyar da aka yi mana ba. Mu ko kalmar nan ba a son ta fito daga bakin mace a gaban namiji, balle a jingina ta ga suruki. In na faɗa, na shaida wa duniya ke nan cewa na buɗe faifan na leƙa.

Na gwada ta gefe. Maigidana yakan zo duk ranar kasuwar Tanut ya kawo mana hatsi. Na same shi yana kwance kaya, na ce, "Baba hwa yana shan ruwa da yawa. Randa guda ba ta kai masa yamma."

Ya ce, "Bazara ce. Ni ma haka nake sha."

Na ce, "Kuma yana yawan… tashi."

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya gane inda na dosa, kunya ta kama shi ya fi ni, don ɗan fari ne, tsakaninsa da ubansa ma gaisuwa ce kawai. Ya ce, "Wanda ya sha ruwa ai dole ya tashi," ya ja jakinsa ya yi waje.

Sai na je wa Gwaggo, ina ganin mace ce 'yar'uwata, kuma ƙanwarsa ce. Na same ta tana kaɗi, na zauna kusa, na yi ƙasa da murya na gaya mata abin da na gani. Ta ajiye mazari.

"Ke! Leƙawa kike yi?"

"Ba leƙawa na yi ba, Gwaggo, akuya ce…"

"Rufe mini baki. Mutumin da ya riƙe ki kamar ɗiyar cikinsa, shi za ki kai wa ƙato a likita zancen abin da ke cikin kaskonsa? Kiyashi ina ne ba su zuwa? A kul na sake jin wannan magana, ko a wajen mijinki."

Na tashi na fita. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. An sauke mini kaya, babba ta ce in yi shiru.

Na yi shiru wata huɗu. A cikinsu damina ta sauka, maigidana ya koma gona, zuwansa ya ragu. Baba yana ci kamar mai noma, yana ramewa kamar mai azumi. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, ɗan ciwon da yaro zai manta da shi a kwana uku, ya ƙi warkewa, ya fara ruwa. Jini ya dawo cikin kakin. Majo ya rasa gane kan abin. Wata rana ya fito baranda ya tsare ni da ido.

"Ki gaya mini gaskiya. Kina ba shi ƙwayoyin nan, ko kuna zubarwa kuna sha masa sassaƙe?"

Nan fa bakina ya dawo. Na ce ko sau ɗaya bai tsallake ba, ni nake ƙirga su a tafin hannunsa, in yana shakka ya zo ya zauna gidan ya gani. Ya ce to abinci fa? Na lissafa masa, tun daga kunun safe har furar la'asar. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "To ki ƙara. Ban san abin da ke cinye shi ba." Amsar tana kan harshena a lokacin. Na haɗiye ta, na koma gida na ƙara zuma a kunu.

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. Wata safiya cikin marka na durƙusa na tura masa ƙwaryar fura, ya miƙo hannu ya lalubi ƙasa, gefen ƙwaryar, bai same ta ba. Ya sake lalube. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Amarya, yau hurar taki guduna take." Idonsa ne ya fara dushewa. Na tura ƙwaryar har ta taɓa yatsunsa, na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Washegari ban zubar da kaskon ba. Na rufe shi da faifai, na lulluɓe da zane, na ɗauka kamar mai kai abinci gona. Gwaggo na ɗaki, ba ta gani ba. Na bi ta bayan gari don kada in haɗu da wanda na sani. Na tarar majo shi kaɗai yana dafa allurai a tukunyar ƙarfe. Na dire kaskon a ƙasa gabansa, na janye zanen, na juya masa baya. Har a lokacin bakina ya ƙi furtawa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Kiyashi suna bin sa."

Bai tambaye ni na wane ne ba. Na ji yana buɗe kwalabe, sai na saci kallo. Ya zuba wani ruwa shuɗi a siririyar kwalba, ya ɗiga na kaskon a kai, ya riƙe ta bisa wutar fitila. Ruwan ya koma kore, ya koma rawaya, ya koma ja kamar jan ƙasar da ake shafe ɗaki. Majo ya daɗe yana kallon sa.

"Tun yaushe kika gani?"

Na ce, "Tun bazara."

Ya ja kujera ya zauna. Na so ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Ni ma ya kamata in auna tun tuni. Na ga ƙishirwar, na ce zafin tari ne." Sannan ya ce daga yau ba sukari, ba zuma, ba dabino, ba shayi, fura ma kaɗan. Ciwon sukari ne, kuma ya fi ƙarfin Tanut. Da maigidana ya zo, majo ya ce masa shi ne ya ga ya dace ya yi wani awo. Bai ambace ni ba, ranar ko bayanta.

Muka hau kamyon, babbar motar 'yan kasuwa, zuwa Damagaram, Baba a kwance kan buhuna, kansa a cinyar ɗansa, abin da da lafiya ba zai taɓa yarda ba. A babban gidan likita aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ɗebi jini. Lokotoron, wato likitan da ya duba shi, ba ya jin Hausa, wani ma'aikaci ne ke fassara mana. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna wa maigidana wasu wurare, ya ce ramuka ne, huhu biyun duka sun taɓu. Ya ce ciwon biyu suna ciyar da juna. Sukarin da ya yi yawa a jini yana kashe wa jiki ƙarfin yaƙi da tarin, shi ya sa maganin da ya warkar da wasu bai kama shi ba, tarin kuma yana ƙara hura sukarin. Da an tare sukarin da wuri, da maganin ya sami wurin tsayawa. Maigidana ya ce da wuri kamar yaushe? Lokotoro ya ɗaga kafaɗa ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma watannin baya da huhun bai kai haka ba. Ina tsaye a bayansu ina ƙirga watannin a yatsuna cikin mayafi.

Aka fara yi masa wata allura ta daban, insulin, safe da yamma. Na sa rai ƙwarai, don na ga wani saurayi a ɗakin, wanda aka kawo rai a hannun Allah, allurar nan ta tashe shi cikin kwanaki. Baba kuwa aka yi ta yi, sukarin ya ɗan sauka ya tsaya. Aka ƙara yawanta, aka sake ƙarawa. Ma'aikacin ya yi mana bayani cewa ciwon iri biyu ne. Saurayin nan jikinsa ne ba ya yin abin da ke narkar da sukari, da aka ba shi sai ya karɓa. Irin su Baba, waɗanda suka yi jiki a baya, abin yana nan a jikinsu amma jikin ya daina jin sa, ga zazzaɓin tari yana ƙara toshe shi. Na ce a raina, kamar yaron da aka cika yi wa tsawa har ya daina juyowa.

Ni da na yi wata da watanni ina ɗura masa zaƙi, ni ce kuma aka sa in hana shi. Ina dafa masa wake da ganye da ɗan nama, ba ya iya ci. Bai taɓa roƙo ba. In mai tallan dabino ya wuce ta taga sai ya juya fuska bango. Wata biyu muka yi a haka. Da hatsi ya nuna, Baba ya ce da ɗansa a mayar da shi gida, yana so ya ji ƙarar sussuka. Lokotoro bai hana ba, ya ba mu ƙwayoyi, ya ce allurar ba za ta yiwu a ƙauye ba, ba mai yi, ba inda za a ajiye ta. Daga yadda ya sallame mu kowa ya gane.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakinsa na ƙauye. Ranar ta tara da hantsi, maza duk suna gona wajen ɗaurin dammuna, na shiga ɗaukar kasko. Yanzu ba ya iya fita ya ba ni wuri, sai dai ya rufe ido kamar mai barci. Na sunkuya ke nan ya ce, "Amarya."

Na durƙusa. "Na'am, Baba."

"Ajiye shi. Zauna."

Ban taɓa zama a ɗakinsa ba. Na zauna a bakin ƙofa. Ya daɗe yana neman numfashi.

"Ke kika kai wa majo."

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Na ji fitarki ran nan, ban ji kin zubar ba. Kin kyauta." Ya yi tari, na jira ya lafa. "Ni na riga ki ganin kiyashin. Tun muna nan, tun kafin tarin ya yi ƙarfi. In na kewaya sai in ga sun taru, in tura ƙasa da ƙafa in rufe, don ke ke sharar wurin. A Tanut ma haka na yi ta yi, har ƙarfina ya ƙare."

Na ce, "Baba, majo bai tambaye ka ba?"

"Ya sha tambaya. Sau nawa na buɗe baki. To ke kina baranda, taga a buɗe. Ina zan iya wannan zance kunnenki na ji?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na ce, "Baba, wata huɗu ina gani ban hwaɗa ba. Kuma ni na yi ta ba ka sukarin nan da hannuna."

Ya ce, "Ni kuma na sha, na ji daɗinsa. Ba ki ba ni komai ba sai abin da nake so. Kunyarki na ji, ke kuma kika ji tawa. Ki yahe mini, na bar ki da nauyi."

Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sannan ya rufe ido, ya ba ni wuri kamar yadda ya saba, na ɗauki kaskon na fita.

Ya rasu bayan kwana biyu, ranar Alhamis bayan azahar, ana sussuka a tsakar gida.

A ƙauye ba wanda ya riƙe zancen sukari. Tari ya kama shi, an kai shi har Damagaram, kwana ya ƙare, shi ke nan. Ranar sadakar uku mata suka cika ɗakina, aka kawo Gwaggo daga Tanut a kan jaki, aka zaunar da ita kusa da ni. Ana cikin gaisuwa sai ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ku dubi yarinyar nan da kyau. Kusan shekara tana jinyar yayana, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Sau ɗaya ƙuruciya ta so ta ja ta ta yi wata magana, na kwaɓe ta, ta ji, ba ta sake ba. Ya tahi da mutuncinsa a rufe. Irin wannan kunya yanzu sai an tona."

Tana faɗa tana hawaye, da zuciya ɗaya take faɗa. Mata suka ɗauka, madalla, madalla, Allah ya ba 'ya'yanmu irin halinta. Wata ta jawo ɗiyarta budurwa ta ce ta matso ta gan ni da kyau ta koya.

Na sunkuyar da kai, na ce amin.